Kar ku ba 'yan gwangwan kwalbar nan

Jama'a ina roƙo, duk mai tsohon injin gem ɗin nan na akwatin katako da ake jefa wa kwabo, in allonsa ya mutu don Allah kar ya yi saurin ciro kwalbar, wato babban gilashin allon irin na tsohuwar telabijin, ya ba 'yan gwangwan wai zai sa allon filat. Sau da yawa kwalbar lafiyarta lau, bod ɗin da ke bayanta ne ya gaji, kuma kayan gyaransa ba su da tsada.

Wani abokina a unguwar Nima, a Ankara babban birnin Gana, yana da guda ɗaya, Street Fighter II ne a ciki, wanda Capcom suka fitar a 1991. In ka kunna sauti na fita rangaɗau, ka jefa kwabo ka ji ya karɓa, amma allon baƙi ƙirin sai wani siririn layi fari da ya ratsa tsakiya a kwance. Tunda sauti na fita to bod ɗin gem na da rai, kuma tunda har layi ya bayyana to filaybak, taransifoman da ke haɗa wa kwalba wuta mai ƙarfi, na ba da babbar wuta, na leƙa wuyan kwalbar ta baya na ga yana ɗan ja alamar hita, siririyar wayar da ke ɗumama ciki, na aiki. Saura ɓangaren batikal kenan, wanda ke ware hoto sama da ƙasa. Abu na farko in ka ga wannan layin ka rage haske ko ka kashe injin, don duk hasken allon ya taru wuri ɗaya, in ka bar shi zai ƙona fuskar kwalbar ya bar tabon da ba ya fita.

Nan ne fa wurin hatsari, kuma ba da wasa nake ba. Wutar da ke shiga ta robar nan da ke manne a gadon bayan kwalba ta haura bolt 20,000, kuma kwalba na riƙe caji ko an zare soket. Sai an sauke shi tukuna, a ɗaure waya a jikin sukundireba, ɗaya bakin a ƙarfen firam, a zura ƙarƙashin robar da hannu ɗaya har a ji ƙas. Wanda bai taɓa yi ba kar ya koya shi kaɗai. Ni kaina wani dattijo mai gyaran telabijin a Mamobi na ɗauko, tun zamanin baƙi da fari yake wannan aiki.

Ya juya bod ɗin allon ya haska da tocila, ya ce "ɗana zo ka gani". Dalmar da ke ƙafafun aisin batikal, ɗan cif ɗin da ke tafiyar da ɓangaren, duk ta tsage, zobe zobe siriri kamar gashi, haka ma inda fulogin yok ke zama, wato naɗin jan ƙarfen da ke wuyan kwalba mai ware hoto. Zafi da sanyi na shekara da shekaru ke jawo haka. Kafasitoci biyu a gefen, 'yan gwangwanayen nan masu tara caji, sun kumbura, ɗaya har ya yi yoyo ya ɓata bod. Na ce Baba a canza biyun kawai? Ya ce a'a, duk na layin za mu canza, tare aka haife su tare suka tsufa. Na hau trotro zuwa Zongo Lane na sayo, na dage sai masu jure zafin digiri 105 don cikin akwatin nan zafi gare shi, ga danshin teku na Ankara da ke cin ƙarfe. Wajen sakawa a kula da ƙafar mainos, in ka juya kafasita fashewa zai yi. Ya sake dalmar, muka kunna, hoto ya buɗe fal. Wallahi sai da na ji wani abu a raina.

Maganar wuta kuma, namu a Gana 230 ne, yawancin allunan da suka zo daga Amurka 120 suke ci, na Japan 100. Taransifoman da ke ƙasan akwatin ba rage wuta kaɗai yake ba, shi ke raba bod ɗin allo da wutar gida, in wani ya ce a tsallake shi a ja waya kai tsaye kar ka yarda, za ka ƙona bod ko firam ɗin ya riƙa jan mutane. Da yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, sitabilaiza ma ba asara ba ne.

Su filat ɗin da ake ta zuga mutane su sa, gem ɗin nan siginar kilohaz 15 yake fitarwa, yawancin filat ba sa karɓa sai da kwambata mai juya sigina, hoton ya fito daɓe daɓe, wani lokacin ka danna maɓalli ka ji ɗan jinkiri, wanda ya iya bugawa nan take zai gane. Kuma an daina ƙera kwalaben nan, duk wadda aka fasa don a ciri jan ƙarfen yok ta tafi kenan. In kana da tsohuwar telabijin inci 20 a ƙarƙashin gado ka adana ta, ko da bod ɗinta ya mutu ana iya ɗaukar kwalbar a sa wa injin gem, muddin ƙafafun wuyan sun dace kuma an auna yok ɗin da mita an ga ya yi daidai da bod.