Lissafin kashi cikin ɗari ba tare da biro ba

Tun da na fara zama da matasan unguwarmu ta Ƙofar Kaura bayan La'asar domin shirin jarrabawar neman aiki da ta shiga jami'a, na lura cewa tambayoyin kashi cikin ɗari ba wuya ke gare su ba, lokaci kawai suke ci. A jarrabawar JAMB ana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, don haka wanda ya tsaya doguwar rabawa a takarda ya riga ya makara.

Na fi dogara da kashi 10, domin daga gare shi sauran ke fitowa. Kashi 15 na naira 8,400 shi ne 840 da rabinsa, wato 1,260, harajin VAT na kashi 7.5 kuwa sai a cire rubu'in 840 a samu 630. Juyawa ma tana taimakawa, tunda kashi 16 na 25 daidai yake da kashi 25 na 16, ko rubu'in 16, wato 4. Ɗaliban da suka yi karatun zaure sun fi saurin kamawa, domin sun san zakkar kuɗi ɗaya cikin 40 ce, wato kashi 2.5, kuma tumunin gado kashi 12.5 ne.

Inda mafi yawansu ke faɗawa shi ne ƙari da ragi a jere. Idan buhun gero na naira 50,000 ya tashi da kashi 20, sannan ya sauka da kashi 20, farashinsa 48,000 ne, domin daga 60,000 aka yi ragin.