Tromso a Tsakiyar Hunturu: Karnuka, Dusar Ƙanƙara da Hasken Arewa

Daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso. Garin yana can ƙuryar arewacin Norwe, kimanin kilomita 350 gaba da layin da ake kira Da'irar Aktik, tafiyar kusan awa biyu a jirgin sama daga Oslo. A cikin wannan duhun muka sauka a farkon Janairun 2025, ni da abokan da muke karatu tare a Jamus. Duk wanda ya ji an ce rana ba ta fitowa zai ɗauka dare ne baƙi ƙirin ba sassauci, amma abin ba haka yake ba. Da hantsi sararin sama kan washe ya yi shuɗi, kawunan duwatsu su yi ja-ja, dusar ƙanƙara ta riƙa mayar da ɗan hasken da ke akwai. Kafin ƙarfe uku kuma duhu ya dawo.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne sallah. Yaushe ne azahar a garin da babu inuwa? Muka nemi masallacin Alnor da ke cikin gari, ɗaya daga cikin masallatan da suka fi kusa da ƙarshen arewacin duniya. A can muka tarar da 'yan Somaliya da Larabawa da 'yan ƙasar da suka musulunta, aka yi mana bayani cewa a watannin da rana ba ta fitowa, da waɗanda ba ta faɗuwa, suna bin lokutan Makka ne bisa fatawar malamai. Muka ɗauki jadawalinsu muka bi. Hankalina ya kwanta ƙwarai, domin na ga mutanen da suka zauna suka yi wa matsalar tunani tun kafin zuwanmu.

Sanyin cikin gari da sauƙi, saboda ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa ta gaɓar Norwe. Sau da yawa ba ya wuce digiri biyar ƙasa da sifili. Da zarar an bar bakin teku aka nutsa cikin tudu, sai a tarar da digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye. Dokar sutura a nan guda ce: ulu a jikin fata, wani ulun a sama, sannan rigar da iska ba ta ratsawa. Auduga abokiyar gaba ce, don tana shan gumi ta riƙe shi, gumin kuma ya huce a jikinka. Waya ma a aljihun ciki ake ajiye ta, kusa da ƙirji, in ba haka ba batirin ya mutu nan da nan.

Wurin karnukan da ke jan keke a kan dusar ƙanƙara yana bayan gari, kuma tun daga nesa ake jin su. Da suka ga an fito da igiyoyi sai wurin ya kaure da haushi da kuka, kowanne na tsalle yana neman a ɗauke shi. Ba manyan karnuka masu gashi buzu-buzu ba ne irin na hotuna. Yawancinsu irin da ake kira haski na Alaska ne, sirara, masu dogayen ƙafafu, waɗanda aka yi kiwonsu don gudu da juriya. Ni da na tashi a gidan da kare ba ya ƙetare zaure, sai da na ɗan ja baya. Abin da ya taimake ni shi ne karatun da muka yi tun muna yara: a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadi. Waɗannan ma'aikata ne, aikinsu ja. Na sa hannu na shafa kan ta gaba, wata 'yar ƙaramar karya mai ido fari-fari, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, hankalinta na kan hanya.

Keken na katako ne, ba shi da taya, a kan dogayen sanduna biyu yake sulɓi. Mutum biyu ke hawa: ɗaya a zaune cikin bargo, ɗaya a tsaye a baya, ƙafa ɗaya kan kowace sanda. Babu linzami, babu bulala. Abin da ke hannun direba birki ne kawai, wani ƙarfe mai haƙora da ake takawa ya caki ƙanƙara, sai ƙugiyar da ake kafawa in an tsaya. Matar da ta koya mana ta maimaita magana ɗaya har ta zauna mana: komai ya faru, ko da ka faɗi, kada ka saki keken. Karnukan ba sa tsayawa jiranka. In ka saki sun tafi, da abokinka a ciki.

Ana cire ƙugiya, haushin nan duka ya ɗauke ɗif. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai numfashin karnuka da sautin sanduna a kan dusa. A nan na gane cewa tuƙin ba tsayuwa ba ce kawai a sha kallo. In an zo gangara dole ka taka birki, don kada keken ya cim ma karnukan baya ya buge musu ƙafa, kuma igiyar tsakiya ta kasance a miƙe koyaushe. In an zo hawa sai ka sauke ƙafa ɗaya kana tunkuɗawa, wani lokaci ka sauka gaba ɗaya kana gudu kana turawa. In ka yi nawa, na baya sukan juyo su dube ka, kuma wallahi sai ka ji nauyinsu. Kowane kare da matsayinsa: na gaba masu kaifin hankali ne da ke jin umarni, na kusa da keke su ne ƙarfafa. Da muka tsaya, masu kula da su ba su nemi shayi ba sai da suka bi tafin ƙafar kowanne suka duba, aka ba su romon nama da kitse mai ɗumi. Wasu daga cikin masu wannan sana'a sukan shiga tseren Finnmarkslopet, wanda ake tashi daga garin Alta a watan Maris tun 1981, mai tsawon kilomita 1,200 a babban zangonsa. Bayan ɗan abin da na gani, na daina ɗaukar wannan a matsayin wasa.

Shi kuwa hasken arewa, wato hasken launuka da kan bayyana a sararin sama da dare, wanda dominsa akasarin baƙi ke zuwa, ba a yi wa kowa alkawarinsa. Babban abin da ke hana ganinsa girgije ne, kuma Tromso gari ne na bakin teku mai yawan hadari. Darenmu na farko babu abin da muka gani. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagora ke kwasar mutane a mota su bi hanyar E8 zuwa Skibotn, inda duwatsu ke tare hadari, wani lokaci har Kilpisjarvi a cikin Finlan. Can muka nufa. Aka hura wuta a gefen wani daskararren tafki, muka zauna jira, yatsun ƙafa na raɗaɗi.

Da farko wani fari-farin zane ne ya bayyana a arewa, wanda ba za ka bambanta shi da siririn girgije ba. Kyamara ta nuna shi kore shar, ido kuwa bai ga kore ba, domin idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi sosai a cikin duhu. Yana da kyau mai niyyar zuwa ya san wannan, don hotunan intanet sun sa mutane na tsammanin abin da ba kullum ake samu ba. Muka ci gaba da jira. Can wajen sha ɗaya na dare zanen ya yi ƙarfi, ya tsage gida biyu, ya hau tsakiyar sama. Sai ga kore na gaske, gefensa na ƙasa ja-ja da shunayya, yana naɗewa yana warwarewa kamar labulen da iska ke kaɗawa, da saurin da ban zata ba. Abokina ya kama hannuna yana ta Subhanallah. Ni ma ita na riƙa maimaitawa, ban ko tuna da waya ba. Bai daɗe ba ya dushe.

Sanin yadda abin ke faruwa bai rage mini komai ba, ƙara mini ya yi. Rana ce ke feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa. Iskar oksijin ke ba da kore, a can sama sosai kuma ja. Naitirojin ke ba da shuɗi da shunayya. Wani masanin Norwe, Kristian Birkeland, shi ya yi wannan bayani tun farkon ƙarni na 20, manyan masana da dama suka ƙi yarda, har ya rasu a 1917. Sai a shekarun 1960 tauraron ɗan Adam ya gaskata shi. Ƙasarsa ta sa hotonsa a tsohuwar takardar kuɗi ta kurona 200. Ƙarfin rana kuma yana hawa da sauka duk bayan shekara 11 ko kusa da haka, kuma zuwanmu ya dace da ganiyarsa.

Ƙasar nan tana da masu ita tun kafin 'yan yawon buɗe ido. Su ne Samawa, 'yan ƙabilar Sami, waɗanda aka sani da kiwon barewar ƙanƙara, da ke warwatse a Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha. Mun zauna a tantinsu, muka ji waƙarsu ta gargajiya da ake kira yoik. Wani dattijo ya ba mu labarin zamanin da ake hana 'ya'yansu magana da harshensu a makaranta, da yadda yanzu ruwan sama kan sauka a tsakiyar hunturu ya daskare a kan ciyawa, dabbobi su kasa tono abinci, dole a sayo musu.

Ga mai shirin zuwa: Norwe tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, tsadar abinci da masauki kuwa sai an shirya mata. A ware dare da yawa, kada a dogara da guda. A duba wata, don hasken farin wata yana dusashe hasken arewa in mai rauni ne. Kafin a biya kuɗin hawan keke, a tambayi yadda ake kula da karnukan da inda tsofaffinsu ke ƙarewa. Masu gaskiya suna jin daɗin tambayar. Wanda kuma duhu ke takura wa, ya bari sai Fabrairu ko Maris, lokacin da rana ta dawo, dusa na nan, dare kuma bai gajarta ba tukuna.