Tunatar da uwa ranar dawowa: abin da ɗakin rigakafi ya koya mana a Kebbi

Zuwan farko ba shi da wuya. Uwa na kawo jaririnta da ɗoki, a yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. Daga baya ne yara ke zubewa, tsakanin allurar Penta (mai kare yaro daga cuta biyar) ta farko a sati 6 da ta uku a sati 14. Tun da aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi a Disambar 2024 kuma, an ƙara zuwa a wata 5, 6 da 7, ga zuwan wata 9 na allurar ƙyanda, ga na wata 15. Ke nan uwa za ta taka asibiti aƙalla sau tara. Mace mai girki da surfe da goyo ba za ta riƙe waɗannan ranaku a ka ba, kuma ba sakaci ba ne.

Aikin tunatarwa daga teburin rajista yake farawa. Karɓar lamba kawai bai isa ba, sai an tambaya: wayar wa ce? A ƙauyukan Argungu ko Bagudo sau da yawa ta maigida ce, ko ta ƙaninsa, ko ta maƙwabci. A rubuta sunan mai wayar, a karɓi lamba ta biyu, a kira nan take a ji ta shiga, domin layuka da dama an rufe su saboda rashin haɗa su da NIN. A tambayi yaren gidan ma. Wani gida Zabarmanci ko Fulatanci ya fi shiga kunne.

Tunda maigida ne zai ga saƙon, kuma shi ke ba da izini da kuɗin mashin, da shi za a yi magana, cikin girmamawa: "Salamu alaikum Malam. Gobe Talata da safe ne allurar Aisha a asibitin gari. A zo da kati. Allah ya raya." Sunan rana ya fi lambar kwanan wata aiki, in ma an ce "washegarin kasuwa" ya fi zama a zuciya. Kada a kuskura a ambaci ciwo ko tazarar haihuwa a saƙo, ba a san hannun da wayar za ta faɗa ba.

Ga wani abu da ke cin kuɗi ba a lura ba. Saƙon tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, a caji kuɗin saƙo biyu ko uku, wasu ƙananan wayoyin ma su nuna akwati a gurbin harafin. Shi ya sa ake zaɓen kalmomi marasa lanƙwasa. Sannan wanda ya toshe saƙonnin talla ta 2442 na iya rasa saƙon da aka tura ta manhajar turawa da yawa, sai in an bi hanyar da aka ware wa saƙonnin sanarwa. Ga wanda ba ya karatun boko, kiran minti ɗaya ya fi tes goma.

Sau biyu ake tunatarwa: kwana uku kafin ranar, don a nemi kuɗin hanya, sai jajibiri bayan Magariba, lokacin da aka dawo daga fadama waya ta samu caji. Da damina saƙon hantsi ɓata kuɗi ne.

Wanda bai zo ba fa? Akwatin katunan yara da aka raba bisa watan da kowa zai dawo shi ke nuna shi. Kafin a tashi aiki a ware katunan da suka rage, a kira washegari, in sati ya cika shiru a bai wa ungozoma ko mai unguwa sunan. Abin da za a faɗa ɗaya ne: ba a makara ba, ba kuma za a koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Faɗa a gaban mata na korar uwa har abada, ta kuma hana kishiyarta zuwa. Ƙarshen wata a cire adadin Penta ta uku daga ta farko, a raba da ta farko. In ya haura 10 cikin 100, akwai inda ke yoyo.

Kafin a tura ko saƙo ɗaya, a buɗe firij a ga maganin yana nan. Kwalbar allurar ƙyanda in an haɗa ta, awa 6 kawai take yi a zubar, shi ya sa wasu ma'aikata ke jin nauyin buɗe ta don yaro ɗaya. To a tara yaran wata 9 a rana guda, a kira su tare, wadda ta zo kuma a buɗe mata ko ita kaɗai ce. Matar da ta biya kuɗin kwalekwale daga tsallaken Yauri aka ce mata "sai wani satin", saƙo na gaba ba zai taso da ita ba.