Yadda na tayar da tsohuwar Commodore 64

Duk wanda ya samu tsohuwar kwamfutar Commodore 64, hannunsa zai riƙa ƙaiƙayin jona ta a wuta. Ya dakata tukuna. Tawa cikin kayan gwanjo na Turai na tsince ta, haɗe da tiransifomarta mai nauyin bulo, kuma kan tiransifomar na fara ɗora mitar auna wuta. Wuta iri biyu take bayarwa, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. In ta tsufa, layin 5 ɗin kan haura, ya ƙone cif-cif takwas da ke riƙe da kilobayit 64 ɗin da injin ya samo sunansa daga gare su. Gyaranta ma wahala ne, don an cike cikinta da wani ƙaro mai tauri. Tawa ta haura. Na jefa ta gefe, na nemi sabuwa.

Da na kunna, fitila ta kama amma talabijin baƙi ƙirin. Na buɗe murfin, na bi cif-cif ɗin da bayan yatsa. Wanda ake kira PLA, mai raba wa sauran hanya, shi ya fi ɗaukar zafi, kuma dama an san shi da mutuwa. Ina sauya shi sai ga shuɗin allo da saƙon da ke nuna injin ya tashi: 38911 BASIC BYTES FREE, ƙarƙashinsa READY. Na buga umarnin sauya launi, POKE 53280,0, gefen allon ya koma baƙi nan take.

Sai da na ga cikinta na gane yadda aka yi ta ci kasuwa. Manyan cif-cif ɗin tambarin MOS Technology ne a kansu, kamfanin da Commodore ta Jack Tramiel ta saya a 1976. Ƙwaƙwalwar 6510 mai gudun kusan megahaz 1, da VIC-II na hoto mai launi 16, da SID na sauti, duk 'yan gida ne. Mai masana'antar kansa kuwa ba ya tsoron karya farashi. A 1982 aka fito da ita a Amurka kan dala 595, ba a daɗe ba kuɗin ya zube, aka sayar da miliyoyi kafin kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994.

SID ɗin nan, wanda Bob Yannes ya tsara, shi na fi lallaɓawa. Murya uku kawai gare shi, amma har yau masu kiɗa na farautarsa, abin da ya sa 'yan gwanjo kan zare shi kafin su sayar da injin. A duba gurbinsa kafin a biya kuɗi. A kuma lura, tsohon samfurin 6581 bolt 12 yake ci, sabon 8580 kuwa 9, don haka sa sabon a gurbin tsohon ƙona shi ne.

Na'urar faifanta, 1541, tana da ƙwaƙwalwar 6502 tata ta kanta, amma nawarta sai mai haƙuri. Ni dai SD2IEC na sa a madadinta, mai karanta katin memori irin na waya.