Yadda yashi ke cin fiffiken injin iska a bakin Gulbi

Wani Alhaji mai garka a bakin Gulbin Maradi ya kafa ƙaramin injin iska don cajin batiran fanfon ban-ruwa, ni kuma aka ɗora wa kula da shi. Fukafukansa uku ne, na zaren gilashi da aka daskarar da danƙo, aka bi da fenti mai sulɓi. Tsawon kowanne mita ɗaya da rabi. In iska ta kankama yakan yi juyi 400 a minti, ke nan tsinin fiffiken na gudun wajen kilomita 225 a awa. Na manyan injuna irin na Taiba N'Diaye a Senegal kan kusanci kilomita 300. A irin wannan gudu ko ɗigon ruwa ma yana da nauyin hannu.

Alhaji ne ya fara lura. Ya ce, "Malam, injin nan naka ya koyi fito da dare." Da muka kwantar da turken, na bi gaban fiffiken da yatsa, gefen da ke fara karo da iska. Wajen gindi sumul. Can kusa da tsini kuwa kaushi ne, ga ƴan ramuka kamar sukar allura, wani wurin fenti ya ɓare har farin zare ya leƙo. Iska ba ta kwanciya a jikin fiffike mai kaushi, sai ƙara ta ƙaru, wuta ta ragu.

Turawa jirgi maras matuƙi suke aikawa ya ɗauko musu hoto. Ni waya da rula na samu. Na raba kowane fiffike gida biyar da alƙalamin fenti, duk wata in ɗauki hoton kowane gida daga nisa ɗaya, rula a gefe, in ba shi maki: sifiri in lafiya lau, huɗu in zare ya fito. Ina kuma rubuta ƙarfin iska da wutar da ke shiga batir, da yanayin ranar, ko hazo ko hadari.

Daga nan na zuba su a kwamfuta, na gina ɗan lissafin hasashe. Tushensa ɗaya ne: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu, ɓarnar ruwan sama ma ta fi haka hauhawa. Sai dai yawancin lissafin da ake da shi don ruwan Turai da iskar teku aka tsara shi, babu ruwansa da sararin samaniyarmu.

Kowa hunturu yake zargi, har da ni kafin in ga maki. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu makin da ƙyar ya motsa. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi gari ce lilis, iska kan ɗauke yawancinta ta kewaye fiffiken, abin da ya saura ya dusashe fenti kawai. Ɓarnar gaske a farkon damina take, Yuni da Yuli, lokacin da jar guguwa ke riga ruwa isowa. Gonaki a share, ba abin da ya riƙe ƙasa, yashi mai tsaba ya tashi, injin yana tsakar gudunsa, sannan manyan ɗigo su biyo baya. Kuma fenti yana da haƙuri na yaudara: ya daɗe bai nuna komai ba, rana ɗaya ramuka su bayyana su haɗe.

Saboda haka na ce a riƙa taka wa injin birki da zarar gabas ta yi ja. Alhaji ya so ya ƙi, wai lokacin ne wuta ta fi zuwa, sai da na nuna masa kuɗin sabon fiffike. Muka goge gaban da samfefa, muka cike ramukan da danƙo, muka liƙa tef ɗin roba mai kauri daga tsakiya zuwa tsini. Tef ɗin sai an auna shi daidai a kan duka ukun, don in ɗaya ya fi nauyi turken zai kama rawa, gyaran kuma ya koma kan boris.