Tsohon firam na babur mai taya uku: a duba ƙarfen kafin a yi maganar inji

A tsakanin tsofaffin kayan da ake saukewa daga waje, wani lokaci akan ci karo da babur na daji mai taya uku, ɗaya a gaba biyu a baya, tayoyin nan fanka-fanka. Mai saye a Jos yakan fara da tambayar ko injin na tashi. Ni a ganina inji shi ne ƙarshen abin damuwa, domin bakaniken da ya san hannunsa zai tashe shi ko ya sa wani. Firam kuwa in ya mutu, babur ya mutu.

Honda ce ta fito da wannan nau'i a 1970 da samfurin US90, wanda daga baya aka kira ATC90. Ba shi da shokazoba ko ɗaya, laushin taya ne kawai ke shanye gargada, firam ɗin kuma na farantin ƙarfe ne da aka matse. Masu tsere a hamadar Kalifoniya suka ga wannan bai ishe su ba, sai ƙananan wuraren ƙira a Amurka suka shiga yin firam na bututu, da fok mai riƙe tayar gaba, da hannu mai lilo mai riƙe aksul na baya, ana ɗora musu injin Honda ko wani injin babur da ya fi ƙarfi. Sai a 1981 Honda ta amsa musu da ATC250R mai shokazoba gaba da baya. A 1988 Honda da sauran manyan kamfanonin babur suka yi yarjejeniya da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka cewa za su daina sayar da sababbin masu taya uku a ƙasar, saboda yawan haɗurra. Ke nan mafi yawan firam ɗin da zai zo hannunka daga wancan zamanin ya doshi shekara 40, ko ma ya haura.

A fara da gwada ko a miƙe yake. A ajiye shi a daɓen siminti mai daidai, a ɗaure igiya a tsakiyar wuyan firam, inda fok ke shiga, a auna zuwa ƙarshen aksul na dama, sannan na hagu. Bambancin da ya wuce milimita 3 ko 4 yana nufin wani abu ya lanƙwashe. Kafin a ɗora wa firam laifi, a ɗaga bayan a juya aksul da hannu ana kallon bakinsa: in yana rawa, aksul ne ya karkace, kuma wannan ya fi sauƙin magani.

Tsagewa ita ce babbar matsala, kuma fenti na ɓoye ta. Wuraren da take fara fitowa su ne ƙarƙashin wuya, kunnuwan da ke riƙe inji, gindin matakin ƙafa, da inda hannun baya ke lilo. A kankare fentin waɗannan wurare har ƙarfe ya fito fes. A shafa kananzir a bar shi kamar minti 15, a goge sosai da tsumma, sannan a barbaɗa garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya jiƙa allin, sai ka ga wani siririn layi mai duhu ya bayyana a kan farin, wani lokaci a gefen walda daidai inda ido ya riga ya wuce sau biyu bai ga komai ba. Bututun ƙasa kuma a bi shi da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa sai ka ji buf. Firam ɗin da ya sha damina a tsakar gida ruwa na kwanciya a cikinsa, ya ci shi ta inda ba a gani.

Wurin gyara ne ake yawan kashe irin waɗannan firam ɗin. Da yawa daga na tsere an yi su ne da ƙarfen da ake kira 4130, mai ɗauke da ɗan kuromiyam da molibdinam, shi ya sa bututun ke da ƙarfi alhali kaurin jikinsa sau da yawa bai kai milimita 2 ba. In aka kai shi wurin mai waldar ƙofa da taga ya buɗe masa wuta da sanda mai kauri, ko dai ya huda bututun, ko ya ƙona gefen ɗinkin. Mafi muni shi ne a watsa wa waldar ruwa don ta huce da wuri: ƙarfen zai yi tauri ya zama mai saurin karyewa, ya sake tsagewa dab da wurin da aka gyara. A nemi mai waldar TIG da iskar agon, ya yi amfani da waya ER70S-2. A huda ƙaramin rami na milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a buɗe bakinta kaɗan da fayil, a yi walda, a bar ta ta huce da kanta inda ba iska. A lokacin hunturun Jos wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, a rufe ƙofar shago. Bututun da tsatsa ta rarake kuwa ba a yi masa faci, a yanke shi a sa sabo, da guntun bututu a ciki a kowace mahaɗa.

In injin asali ya ɓace, injin 125 ko 150 irin na CG da ake samu a Dilimi, wurin sayar da kayan gyara a Jos, zai iya zama. Kada a yanka firam don inji ya shiga. A yanko faranti na milimita 5 ko 6 a yi kunnuwa masu ɗaurewa da noti, ta yadda ranar da aka samu injin asali za a kwance su kawai. Kafin a huda ramin ƙarshe, a jingina miƙaƙƙen ƙarfe a jikin siforoket na baya, dole ya taɓa na gaba daidai, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa cin haƙora tana faɗuwa. A kuma lura da lamba: injin CG na amfani da sarƙa 428, ATC200X da ATC250R kuwa 520, don haka sai an sauya siforoket ɗaya su dace. Sarƙa ta fi tsananin ɗaurewa lokacin da siforoket na gaba da ƙusar lilo da aksul suka hau layi ɗaya. A danne bayan babur har su daidaita, a nan ake saita ta, a bar mata ɗan sako. Wanda ya ɗaure ta tam babur na tsaye ba kowa a kai, ramin farko zai fasa masa boris.

Jos na kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, iska ta fi ta Legas sirantaka, don haka kafireto yakan ba da mai fiye da kima. In fulogi ya fito baƙi da toka, a rage jet mataki ɗaya a sake dubawa.

Kada kamanni ya sa a ɗauke shi kamar Keke Napep. Keke na da giyar da ke barin tayoyin baya su juya dabam-dabam a kwana, wannan kuwa aksul ɗaya ne sandararre, tayoyin biyu tare suke juyawa, shi ya sa yake son miƙewa ko an karya kai. Sai mahayi ya taka matakin waje ya karkata jikinsa ciki, tayar ciki ta yi sauƙi ta zame. Iskar taya 'yar kaɗan ce ƙwarai, da ma'auni na musamman ake duba ta, kuma in tayar baya ɗaya ta fi ɗaya cika babur zai riƙa ja gefe. Gwajin farko a yi shi a fili shimfiɗaɗɗe da hular kwano, ba ɗaukar kowa a baya, nesa da bakin tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru da Rayfield. Bayan awa ɗaya a kai, a dawo da kananzir da alli a sake bin duk inda aka yi walda.