Talata a tsohon dandalin birnin Prag

Yau tun da hantsi na sauka tsohon gari na Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, kuma kusan duk yinin a dandalinsa na tsakiya na yi shi, ban yi nisa ba sai sau ɗaya da na gangara bakin kogi. Masu kai baƙi yawon buɗe ido suna yawan cewa Prag ta fita daga yaƙin duniya na biyu ba tare da an rushe ta ba, saboda haka wai abin da ido ke gani shi ne abin da mutanen dā suka bari. Akwai gaskiya a maganar, domin tun 1992 UNESCO ta sanya tsakiyar birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma abin da na gani yau shi ne dandalin da aka daɗe ana jayayya a kansa, inda duk wanda ya yi rinjaye yake kafa alamarsa, wani lokaci kuma ya tumɓuke ta wanda ya riga shi.

Na fara da farfajiyar Ungelt, bayan majami'ar Tin mai hasumiya biyu masu tsayin kusan mita 80. Nan ne zangon fatake na dā, inda baƙin 'yan kasuwa suke sauke kaya, su biya kuɗin fito, su kwana ƙarƙashin kariyar sarki. Wajen shekarar 965 wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim bn Yakub, ya zo garin nan, ya kuma rubuta cewa an gina shi da dutse da farar ƙasa, kuma kasuwancinsa ya bunƙasa ƙwarai. Bayaninsa ya iso gare mu ne ta hannun al-Bakri, malamin da shi ne kuma ya bar mana labarin daular Gana ta dā. Wasu gidajen da ke kewaye da dandalin suna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu bakan dutse, waɗanda asali su ne ɗakunan da ake shiga daga titi. Ambaliyar kogin Baltaba ce ta sa a ƙarni na 13 aka yi ta cika unguwar da ƙasa har titi ya haura kansu.

Daga nan na tsaya gaban agogon taurari da ke jikin tsohon ginin majalisar gari. An kafa shi a 1410, kuma ana danganta aikin ga maƙerin agogo Mikulash na Kadan. Jama'a suna cincirindo ne saboda wasan da yake yi a kan kowace sa'a: ƙwarangwal ya ja igiyar ƙararrawa, tagogi biyu su buɗe, siffofin Hawariyawa goma sha biyu su gitta, sannan zakara ya yi cara. Kafin mutum ya gyara tsayuwa an gama, kuma na ga fuskoki da dama da alamar cewa sun yi tsammanin fiye da haka. A ganina sun kalli ɓangaren da bai fi muhimmanci ba. Fuskar agogon ita ce abin tsayawa, domin tana nuna matsayin rana da wata a cikin buruji, da lokacin ketowar alfijir da na faɗuwar rana. A gefenta na waje akwai zobe mai lambobi 24 da ke ƙirga tsohon lokacin Bohemiya, wato yankin ƙasar Cek da Prag take ciki, lokacin da yake farawa daga faɗuwar rana, kamar yadda mu ma a lissafin Musulunci kwana yake shiga da magariba, shi ya sa daren Juma'a yake riga yininta. Tunda magariba tana matsawa gaba da baya cikin shekara, zoben da kansa yana juyawa kaɗan-kaɗan don ya bi ta. Maƙeran da suka warware wannan da haƙoran ƙarfe kawai sun cancanci a ba su fiye da minti ɗayan da ake ba zakaran.

Taku kaɗan daga agogon, a kan daɓen dutse, akwai fararen gicciye 27 da mutane ke takawa ba su lura ba. A ranar 21 ga Yunin 1621 aka kashe jagororin tawayen Bohemiya su 27 a wannan wuri, bayan da rundunar gidan sarautar Habsbag na Ostiriya, mai mulkin ƙasar, ta ci su da yaƙi a Farin Dutse kusa da Prag cikin Nuwamban 1620. An rataye kawunan goma sha biyu daga cikinsu a hasumiyar gadar kogin Baltaba, suka yi shekara goma a can. Daga wannan lokaci aka mayar da ƙasar kan ɗariƙar Katolika da ƙarfin mulki, kuma yawancin majami'un da mutum-mutumin da ke burge baƙi a yau, masu lanƙwashe-lanƙwashe da ado mai yawa irin na salon Barok, ginin masu nasarar ne.

Da rana ta take na zauna a kan benci tsakanin abubuwa biyu da suka fi komai ɗaukar hankalina. A hannu ɗaya akwai katafaren mutum-mutumin Yan Hus, malamin jami'a kuma mai wa'azi da harshen Cek, wanda ya soki yadda cocin Katolika yake sayar da takardun gafarar zunubi, aka kuma ƙone shi a birnin Konstans ranar 6 ga Yulin 1415. Ladislab Shalun ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a 1915, shekara 500 cif bayan kisan, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya. Hukumomin Ostiriya sun hana bikin buɗewa, sai mutanen gari suka lulluɓe shi da furanni. A ɗaya hannun kuma akwai dogon ginshiƙin dutse mai siffar Maryam, mahaifiyar Annabi Isa, a bisansa. An fara kafa shi a 1650 don godiya da tsirar da garin ya yi daga sojojin Suwidin a 1648, kuma inuwarsa ce take nuna tsakar rana idan ta faɗa kan wani layi da aka shata a daɓen. Ranar 3 ga Nuwamban 1918, kwanaki kaɗan bayan ayyana 'yancin Cekoslobakiya, wani gungun jama'a ya ja shi da igiya ya kayar, saboda suna ɗaukar sa tambarin Habsbag. Fiye da shekara ɗari ana gardama ko a mayar ko a bari, sai a 2020 aka kafa sabo, aikin masassaƙi Petir Banya. Yanzu ga su suna fuskantar juna, kuma dutsen ginshiƙin yana da haske irin na sabon abu, wanda ya sa ko baƙo zai gane cewa ba tsoho ba ne. Ban ga laifin mayar da shi ba, amma na fahimci waɗanda suka ƙi, domin a dandalin da aka fille kawuna ba a kafa dutse a ce ado ne kawai.

Bayan la'asar na gangara gadar Sarki Karel na huɗu, wadda aka aza harsashinta a 1357 bayan ambaliyar 1342 ta lalata tsohuwar. Tsawonta ya haura mita 500, kuma mutum-mutumi 30 ne suka jeru a gefunanta, yawancinsu kwafi ne, an kwashe na asalin don iska da ruwa kada su cinye su. Cunkoso bai bar ni na daɗe ba. Na dai tsaya gaban aikin Fadinan Burokof na 1714, inda aka sassaƙa wani Baturke mai rawani da ƙaton ciki yana gadin fursunoni Kiristoci. Haka mutanen wannan yanki suke hango daular Usmaniyya a lokacin, shekara talatin da ɗaya kacal bayan sojojinta sun kewaye Biyana, babban birnin Ostiriya, da yaƙi a 1683.

Da na dawo dandalin da yamma sai na zagaya bayan hasumiyar majalisar gari, inda akwai fili mai bishiyoyi da bencina, da guntun bango ja da ya tsaya kamar an yanke shi. A nan wani babban sashe na ginin yake har zuwa Mayun 1945, lokacin da sojojin Jamus suka yi masa luguden wuta a kwanakin boren da mutanen Prag suka yi wa mamayar Jamus. Gobarar ta ci sashen, ta ci ɗimbin takardun tarihin gari, ta kuma lalata agogon, har sai da aka sassaƙa sababbin Hawariyawa kafin ya koma aiki a 1948. An sha shirya gasar zane don a cike gurbin, tun bayan yaƙin, amma ba a gina ko ɗaya daga cikin zanukan da aka gabatar ba.